Azumin da Yaya Take Yi Ranar Kirsimeti

Ranar sadakar uku ta yayar maigidana, wata mata ta shigo mana gida a nan unguwar Koki, cikin birnin Kano, doguwa, fara, da ɗan gyale da ke ta zamewa daga kanta. Sallamarta ma a karkace ta fito. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon ɗakin da ke daura da rijiya, can sai ta durƙusa ta sa kuka, irin kukan da mu ba ma yi wa mamaci. Mata suka tsaya da jan carbi. Na ji wata a bayana tana cewa, "Wannan kuma daga wace duniyar?" Ta kusa da ita ta ce, "Dubi wuyanta mana, gicciye ne." Kun san zamanin da muke ciki, jakar hannun mutum ma tsoronta ake yi. Har wata ta fara lalubar takalmanta.

Na miƙe da wannan gwiwar tawa, na kama hannun matar, na zaunar da ita a tabarmar dangi, ba ta baƙi ba. Na ce, "'Yar gida ce. Wadda abin bai yi mata ba, ai ta san hanyar da ta biyo."

Tun daga ranar ba a bar ni na huta da tambaya ba. Masu ta'aziyya kowa da abin da ya riƙe na marigayiya. Matan unguwa turarenta suke tunawa, wai tun da ta daina haɗawa ɗakunan amare suka daina ƙamshi. Liman ya ce bai san mace mai riƙon azumin nafila irinta ba, ko tsufa bai hana ta ba. Jikokina kuwa cewa suke ba a taɓa cin ta a wasa ba. Duk gaskiya ne, sai na ƙarshen, shi da saura. Amma azumin da liman ke yabo yana da tushe, matar nan mai gicciye ma tana da tushe, kuma tushen ɗaya ne. A cikin waɗanda suka san shi ni kaɗai na rage. Ban yi boko ba, allon ma ban kai ko'ina ba, shi ya sa na zaunar da jikata na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta zuba mini sukari.

Yaya nake ce wa marigayiya. Ita kuma Amarya take ce mini, har na yi furfura, har na aurar da jikoki. Da aka kawo ni gidan a ciki na tarar da ita. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, ta dawo gidan ubansu ta ce ita da aure sai a lahira. Asalinsu Barebari ne, tun kakan kakansu suke Koki, Barbarcin ma ya gudu ya bar su da 'yan kalmomin gaisuwa da na faɗa. Sana'arta turaren wuta da humra. Malam, maigidana, shi ne mai gida a bakin mutane, amma makullin ɗakin hatsi a ƙugunta yake.

Ba zan ce muku mun yi daɗi tun farko ba. Ni mai ido ce, ita mai baki. Ba ni da yawan magana, amma in na yi ba na lanƙwasa ta, har unguwa ta san ni da haka. In mata biyu suka yi musu sai a ce a tambayi Amarya. Ita kuwa takan ce gaskiyata kamar barkono ce, ba a musun amfaninta amma ba a shan ta da cokali. Mun yi shekara muna zaman doya da manja a kan abin da bai kai ya kawo ba, wanke tukunya, ajiyar tsintsiya. Sai da na yi ɓari na farko, ta kwana bakwai a ɗakina tana gasa mini jiki ba ta ce mini ko sannu ba, sannan na gane irin son da take yi ba na baki ba ne, ko da yake bakin ne ya fi yawa.

Abin da ban taɓa ganin irinsa ba shi ne yadda take karɓar baƙon kwana. Ɗakin nan na kusa da rijiya na baƙi ne, ba a ajiye ko ludayi a ciki. In za a yi baƙo, tun da safe za ta fitar da katifar audugar rimi ta shanya, ta bubbuge, ta turara ɗakin sau biyu, ta ɗaura gidan sauro ta bi shi da zare da allura tana neman huda. Sannan ta hau gadon ta kwanta da kanta, ta juya dama, ta juya hagu. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Baƙo ba zai ce miki kuɗin cizo ya hana shi barci ba, sai ya koma garinsu." Sabuwar buta a bakin ƙofa, ƙwaryar fura rufe da faifai, in lokacin sanyi ne kaskon garwashi a ƙarƙashin gado. Kuma ba a tambayar baƙo ko yana jin yunwa. "Wanda ya tambaya," in ji ta, "rowarsa ce ta tambaya."

Bayan an ci abinci kuma dole a yi wasa. Dara take yi, ita mace, ubansu ne ya koya mata, ramukan suna nan har yau a bakin ɗakinta. Da mata da yara kuma carafke da kacici-kacici. Kuma tana maguɗi, Allah Ya gafarta mata. Ka ɗauke ido kaɗan, ka tarar ɗanka ya canza gida. In ka yi magana ta ce, "Ni da na yi maka tsarki, ni za ka ce na cuce ka?"

Suna da ƙane, Auta kowa ke ce masa. Yana yaro kuturta ta kama shi, aka yi maganin gida aka gaji, ubansu ya kai shi asibitin Mishan a wani ƙauye can bayan gari. Ya warke, bayan ciwon ya ɗan ci masa yatsu, amma ya dawo da addinin masu maganin. Uban ya rasu bai ƙara ambaton sunansa ba. Malam ya rage masa gaisuwa kawai. Yaya ce ta ce, "Ni na goya shi, kuma bayan da ya goya shi bai canza ba."

Auta ya zama mai ba da magani a can Mishan ɗin, hutu ɗaya yake samu a shekara, na Kirsimeti. To duk shekara zai zo ya kwana biyu a ɗakin baƙi. Malam bai taɓa furta kalmar ba, "hutun Auta" yake cewa. Yaya za ta sayi zakara tun saura wata guda ta yi ta kiwonsa, in ranar ta zo ta miƙa wa Malam wuƙa ta ce, "Kai za ka yanka, don kowa ya ci." A dafa shinkafa, wadda a lokacin sai da salla muke ganinta. Bayan isha'i 'yan'uwan su zauna dara. Ta yanka wa Auta guntayen kara masu kauri, daidai abin da yatsunsa za su iya kamawa, tana adana su a gwangwani daga shekara zuwa shekara.

Sai aka yi kashe-kashen nan da ba na son tunawa, waɗanda suka kwashe mutanen Sabon Gari, a bayansu kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Akwai abin da unguwa ba ta sani ba, mu uku kawai muka sani: Auta ya yi aure a Mishan, matar kuma 'yar Ibo ce, mai aikin jinya. Lokacin da danginta suka gudu ita ba ta bi su ba, aka ɓoye ta a can.

Shekarar da nake ba ku labari Kirsimeti ta faɗo cikin azumi, a goman ƙarshe, goma ta ɗokin salla. Babu ɗoki a birni. Kowane lungu akwai gidan da aka aiko wa da labarin ɗa daga bakin daga. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda muke kira Uwar Soja, ba a yi arba'in da aiko mata da na ɗanta ba. Samari kuma sun sa ido. Duk wanda aka ce daga ƙasar Ibo yake, ɗan leƙen asiri ne, kuma ba gaban alƙali ake kai shi ba.

Saƙo ya zo daga Auta. An fara tambayar matarsa a ƙauyen, ga shi ta haihu, jaririyar ba ta yi arba'in ba. Akwai wani mai motar goro, mijin wata da ke sayen turare a wajen Yaya, zai tashi zuwa Damagaram kashegarin Kirsimeti, ya yarda ya tsallaka da su. Abin da ya rage shi ne inda za su kwana biyu kafin motar.

Na ce, "Yaya, ina da 'ya'ya biyu a gidan nan."

Ta ce, "Na sani, ni na yanke musu cibiya."

"In aka gane, ba ɗakin baƙi kaɗai za a ƙona ba."

"To faɗa mini inda zan ce su je. Faɗi, ina jin ki."

Ban dai sauko ba. Na dubi Malam. Ya ce, "Hutun Auta ne. Kowa ya san yana zuwa hutu." Ya ɗauki buta ya fita masallaci. Ita kuwa kafin in juyo ta fitar da katifa.

Ni ma na yi tawa dabarar. Bakin yaro ba shi da murfi, don haka na kwashi 'ya'yana na kai su gidanmu a Ƙofar Mazugal, da rana tsaka, kowa yana gani. Na dawo ina jin na fi kowa hankali a gidan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sun shigo daidai kiran magariba, lokacin da kowa ya sunkuya a kan kununsa, lungu babu ko kaza. Yaya ce ta tsara haka. Ranar na fara ganin facalata, matar Auta: 'yar ƙarama, ramammiya, a lulluɓe har ƙasa, haƙoranta suna haɗuwa ba don sanyi ba. Tana jin Hausa, amma kalma biyu za ta yi ka san inda aka haife ta. Yaya ta karɓi jaririyar ta ɗaga ta wajen fitila ta ce, "Hancin babanmu ne, Allah Ya sa ba halinsa ba." Ta zaunar da uwar a bakin gado, ta wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi, ta tura kasko ƙarƙashi, ta ajiye mata kunu da ƙosai ba ta tambaye ta komai ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, kunnena yana waje.

Na ɗauka ranar shiru za a yi. Bayan asham sai na ji ƙarar gwangwani.

Na ce, "Yaya, wasa kuma? Yau?"

Ta ce, "Duk shekara ana jin dariya a gidan nan ranar zuwan Auta. Gidan da ya yi shiru shi ake leƙawa."

Aka zauna. Karan yana ta suɓuce wa Auta yana faɗawa ramin da ba shi ya nufa ba. Ta cinye shi sau biyu. A na uku ya ce, "Yaya, wannan ɗan ba nan na bar shi ba."

Ta ce, "An ce da azumi ana ɗaure shaiɗanu, to na darar nan ya tsinke igiya."

Har Malam sai da ya yi dariya, ya rufe ta da tari. Ni ban yi ba. Ina ƙirga takun duk wanda ya wuce ta bayan gida.

Kashegari da hantsi na fito na tarar ta hura wuta, zakara a fige, Malam ya yanka tun bayan asuba.

Na ce, "Me za ki yi?"

"Shinkafar Auta."

"Da hantsi? A watan azumi? Ki bari sai la'asar a haɗa da na shan ruwa."

"Yau sallarsu ce. Ke ranar salla da magariba kike cin tuwon salla? Yarinya tana shayarwa, shekara guda tana cin tsoro, gobe za ta bar ƙasar. Ba za ta fita gidan ubana ba ta ci abin salla a kan kari ba."

Nan na faɗi maganar da har yau take ci na. Na ce, "Ke ba ki da abin asara, shi ya sa. Taurin kanki zai kashe mu."

Ta dube ni, na ga maganar ta shiga. Ta ce, "Miƙo mini man gyaɗa."

Wanda bai yi azumi ba bai san hancin mai azumi ba. Naman bai yi ja ba muka ji murya ta saman katanga. Uwar Soja ce.

"Salamu alaikum, masu gida. Lafiya kuke suya da hantsi? Na ga jiya an kai yara Ƙofar Mazugal."

Da yaran suna nan, da an ce nasu ne, magana ta mutu. Ni da hannuna na kwashe hujjar hayaƙin na kai ta wata unguwa.

Yaya ko numfashi ba ta ja ba. Ta ce, "Mai jego muka samu, jikar gwaggonmu daga Biu. Jiya aka kawo ta wanka." Ta yi mini nuni da ido, na jawo babbar tukunya na cika ta da ruwa, na zuba ganyen darbejiya, na ƙara itace. Hayaƙi ya samu uba.

"Ayya, barka. Na fari ne?"

"'Yar fari."

"To, ma shigo."

Sai a lokacin muka dubi juna. Ta toshe rami ɗaya ta buɗe goma. A Koki ba a jin haihuwa a zauna, kafin azahar kowace mace a lungun za ta ji, kuma kowace za ta zo barka.

Ba ta ce ta yi kuskure ba, ba ta taɓa cewa ba. Ta ƙarasa girkinta, ta kai wa baƙi, ta tsaya a kan facalata sai da ta cinye cinyar zakaran. Sannan ta tura Auta zaure wajen Malam, ya zauna a fili kamar kowace shekara. Ita kuma ta zaunar da matar ta shiga koya mata. "A nan uwar ɗan fari kunya take yi. Ki zauna can ƙarshen gado, ki ja mayafi, ki sunkuyar da kai. Ba kya magana, ba kya kallon yarinyar. Ko kuka ta yi, ba taki ba ce. Kin ji? Ko kuka ta yi." Matar ta gyaɗa kai. Muka sa mata kwalli, muka ɗaura mata zanena, muka turara ta har ɗakin ya yi duhu. Na ce a raina wannan kunyar da na sha wuyarta a kan 'yata ta fari, yau ga ranarta.

Bayan azahar suka fara shigowa. Na ƙirga su, tara ne, Uwar Soja a ƙarshe da sabulun barka a hannu. Aka cika ɗakin. Jaririya tana yawo hannu zuwa hannu, wannan ta yabi gashi, waccan ta ce farin na uwar ne. Wata tsohuwa ta leƙa ƙarƙashin mayafi ta ce, "Wushe." Yaya ta ce, "Ba ta jin Barbarci, mutanen Biu yarensu daban, Hausar ma sai a hankali." Aka yi dariya, aka ce amarya kunya, mai jego kunya. Na fara jin kamar za mu tsallake.

Sai tsohuwar nan ta kama jaririyar ta hannu ɗaya ta ɗaga ta sama, yadda tsofaffinmu ke yi don miƙe gaɓoɓi. Yarinya ta tsala ihu. Kafin kowa ya ƙifta ido uwar ta diro daga gado, mayafi ya faɗi, ta fizge 'yarta ta manna a ƙirji, tana sumbatar kanta, tana yi mata raɗa da wani harshe.

A gidan surukai, a gaban tsofaffi, 'yar fari. Babu Bahaushiyar da za ta yi haka, ko da yarinyar wuta ta faɗa, sai dai ta kira wata.

Yaya ta kai mata duka a bayan hannu, sai da ɗakin ya amsa. "Marar kunya! A gaban manya?" Ta ƙwace jaririyar ta dangwara mini, ta ja mayafin ta rufe matar, sannan ta juyo da fara'a. "Ku yi haƙuri, can wajensu ba a koya musu. Shi ya sa aka kawo mini ita."

Wasu suka yi dariya. Uwar Soja ba ta yi ba. Ta yi magana a hankali, ba ta ɗaga murya ba.

"Jiya Auta ya zo, jiya mai jego ta zo. An kuma ce matar da ya aura a Mishan ba 'yar ƙasar nan ba ce." Ta juya ta dubi Yaya. "Ɗana ko gawarsa ban gani ba. Kina da azumi a bakinki, ina da shi a nawa. Ki rantse mini wannan ba ta cikinsu."

Ku sani, Yaya ba ta rantsuwa. Ko a ciniki takan ce mai rantsuwa kayansa ne ba su da kyau. Tana maguɗi a dara, tana zuzuta turarenta, amma sunan Allah ba ta taɓa sa shi a tsakani ba.

Ta ce, "Wallahi ba ta cikinsu."

Uwar Soja ta juyo kaina. "Amarya, ke ba kya lanƙwasa magana. Haka ne?"

Ba zan ɓoye ba, tunda na ce kada a zuba mini sukari. Na ga hanya a buɗe. In na ce ni ma jiya na gan ta, ban san komai ba, na fitar da kaina da 'ya'yana, kuma kowa zai gane sauran. Yaya ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo. Jaririyar ta daina kuka, tana ta goga baki a ƙirjina tana nema.

Na ce, "Haka ne."

Uwar Soja ta daɗe tana kallon matar da ke lulluɓe, daga kai har ƙafa, a ƙafar ta fi daɗewa. Ta ajiye sabulun a bakin gado, ta miƙe. Ta ce, "Allah Ya raya. A sa mata lalle, ƙafar mai jego ba ta zama fara haka." Ta fita, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Har Allah Ya karɓi ranta ban san ko ta yarda ba, ban kuma tambaye ta ba. Daga azahar ɗin nan zuwa asuba, duk yaron da ya jefi ƙofa sai na miƙe tsaye. Abin da na sani, ba wanda ya zo.

Da aka sha ruwa Yaya kurɓa ɗaya ta yi ta ture ƙwaryar. Facalata tana ɗaki ta juya wa ƙofa baya, hannun ya kumbura, shatin yatsu huɗu a kai. Yaya ta shiga da lalle a kwaɓe, ta ƙunsa mata a ƙafa. Ta jawo hannun, matar ta janye, ta sake jawowa, ta shafa masa man shanu. Sannan ta share ƙasa a gaban gado ta zube duwatsun carafke ta ce, "Sauko ki rama."

Matar ta ce ba ta iya ba. Yaya ta nuna mata: ki wurga ɗaya sama, ki kwashi na ƙasa, ki cafe kafin ya faɗo. Ashe suna da irinsa a garinsu. Aka fara. Yaya da ke kwashe biyar ido rufe, ranar dutse ɗaya ya gagare ta. Ta wurga ya faɗo mata a goshi. Ta wurga ya shige ƙarƙashin gado. Sau uku facalata tana cinye ta, a na ukun dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da hannun da aka daka. Shekarun da na yi da Yaya sun fi arba'in da yawa, ranar kaɗai na ga an ci ta a wasa.

Bayan sallar asuba su Auta suka fita, facalata a lulluɓe, ƙafa ja wur da lalle, Malam a gaba da carbi kamar mai rakiyar baƙi zuwa tasha, shi da bai taɓa jerawa da ƙaninsa a titi ba. Auta ya miƙa hannu zai ɗauki gwangwanin karansa, Yaya ta ce, "Bar su, ka dawo ka same su." Sun tsallaka lafiya. Bayan yaƙi suka zauna can Kudu. Auta ya dawo hutu sau biyu shi kaɗai kafin ya rasu, matar ba ta ƙara iya tako Kano ba, kuma ban ga laifinta ba. Duk shekara Yaya tana aika mata da kwalbar humra. Jaririyar nan ita ce matar da ta durƙusa a tsakar gida. Ba ta taɓa ganin ɗakin da wayonta ba, uwarta ce ta siffanta mata shi, ta ce yana daura da rijiya.

Rantsuwar kuwa ba ta bar Yaya ba. Malam ya buɗe littafi ya karanta mata cewa wanda ya rantse don ceton rai babu laifi a kansa. Ta ce, "Kai ka karanta, ni na rantse." Daga shekarar, duk ranar Kirsimeti da kashegarinta sai ta ɗauki azumi. Za ta sa a yanka zakara, ta dafa shinkafa da hantsi ko Auta ba ya nan, gida ya ci, ita ba ta ɗanɗana ba sai magariba. Na taɓa tambayarta ko nadama take yi. Ta ce, "Da za a maimaita, zan sake rantsewa. Amma sunan Allah na ɗauka, kuma a gaban uwar da ta rasa ɗa. Ba a ɗaukar wannan a kaɗe zane a ce ba komai."

Ni na ɗauka kwana na biyun ƙari ne irin nata, mace ce da ba ta san kaɗan ba. Sai a ciwon ajalinta, ina ba ta kunu da cokali, ta ce, "Amarya, bana ba zan kai ba."

"Ki kai ina?"

"Hutun Auta."

Na ce, "Ai kin yi ya isa. Rantsuwa ɗaya ma kika yi, me ya kawo kwana biyu?"

Ta ce, "Na farko nawa. Na biyun naki ne. Ni na hura wutar, ni na sa kika ce haka ne."

Na ajiye cokalin. Na ce, "Ni na kai yara Ƙofar Mazugal."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Sai yau kika yarda."

Maganar da na faɗa mata a bakin murhu, cewa ba ta da abin asara, ba ta taɓa tayar da ita ba, ni ma ban samu bakin neman gafara ba. Ina nema yanzu a gaban duk wanda zai karanta wannan. Allah Ya shimfiɗa mata inda za ta kwanta fiye da yadda ta shimfiɗa wa baƙinta, Ya karɓe ta ba tare da Ya tambaye ta ko tana jin yunwa ba.

'Yar Auta ta kwana biyu a wajenmu. Na sa aka shanya katifa, na turara ɗakin da sauran turaren marigayiya, na hau gadon da wannan gwiwar na juya dama na juya hagu kafin in bar ta ta shiga. Da za ta tafi na ba ta gwangwanin ubanta.

Kirsimeti saura wata guda. Na sa an sayo zakara, yana nan ɗaure a gindin rijiya. Jikata da ke rubutun nan ta tambaye ni wa za a dafa wa, tunda babu Auta babu Yaya. Na ce ku za ku ci, da hantsi. Ni sai magariba, kwana biyu. Na farko nata, na biyun nawa.